Funfunar da Ke Tsiro a Kan Dusa da Kara: Wacce Ake Nema, Wacce Ake Gudu?

TAMBAYA

Ni mai kiwon kaji ne da 'yan tumaki a Kura, kuma ka san garinmu gari ne na injinan casar shinkafa. Buntu tsibi-tsibi a bayan kowane inji, wani a ƙona, wani ruwa ya tafi da shi. Yarona da ke karatun ƙananan halittu a jami'a ya zo hutu yana ba ni labarin aikinsa na kammala karatu. Wai funfuna yake renowa a kan dusa da totuwar masara don ta fitar da wani sinadari mai suna inzayim, irin wanda kamfanoni ke zubawa a abincin kaji, wanda ake sayowa daga waje da dala. Ni dai tun tasowata abin da na sani shi ne dusa in ta yi funfuna zubar da ita ake yi. Shin maganarsa gaskiya ce? In gaskiya ce, me zai hana in jiƙa buntu da kara in rufe su su yi funfuna in ba dabbobina, ko ma in mayar da abin sana'a? Allah ya ƙara basira.

Daga wani makiyayi, Kura, Jihar Kano.

AMSA

Amin, na gode. Yaronka gaskiya ya faɗa maka, kai ma abin da ka taso da shi gaskiya ne, kada ka sake shi. Akwai funfunar da ake renowa da gangan a kan dusa, ana tatsar sinadarai masu tsada daga gare ta, an fi shekara 100 ana kasuwancinsu. Akwai kuma funfunar da ke faɗa wa dusa da kanta a ɗakin ajiya, wadda za ta iya ƙarar maka da kaji a mako guda. Abin da ya sa maganar take da wuya shi ne waɗannan biyun wani lokaci 'yan ɗaki ɗaya ne, ido ba ya raba su. Saboda haka amsar tambayarka ta biyu tun yanzu ita ce a'a, kada ka yi. Amma tun da ka tambayi dalili, bari mu bi shi daki-daki.

Funfuna ba ta da baki, ba ta da ciki. Jikinta zare ne siriri ƙwarai da ke kutsawa cikin abin da ta sauka a kai. Mu muna haɗiye abinci sannan mu narkar da shi a ciki, ita kuwa a waje take narkarwa: ta tsirto sinadarai daga bakin zaren nan, su narka abin da ke kewaye da ita ya koma sukari, sannan ta tsotse. Waɗannan sinadarai su ne inzayim. Kai ma kana da su. Wanda ke cikin yawunka, amilas, shi ke sa in ka daɗe kana tauna gurasa ka fara jin zaƙi-zaƙi, domin ya soma yanka sitaci yana mayar da shi sukari. Shi ne kuma ke cikin tsiron hatsi da masu kunun zaƙi ke zubawa kunu ya tsinke ya yi zaƙi. Kowane inzayim aiki ɗaya ya iya: mai yanka sitaci ba ya taɓa mai, mai narka mai ba ya taɓa ciyawa. Kuma ba ya ƙarewa a cikin aikin, ɗan kaɗan ne ke juya abu mai yawa, shi ya sa za ka ga gram 100 ko 200 ya ishi tan guda na abincin kaji.

To me ke cikin kara da har funfuna ke nema? Abu uku ne suka gina shi. Na farko selulos, wanda ya kai kashi 35 zuwa 45 cikin 100 na busasshen kara. Sukari ne zalla, irin gulukos ɗin da ake ƙara wa maras lafiya a asibiti, sai dai an ɗaure shi dubbai-dubbai a jere, an kuma jera layukan sun manne da juna gam. Na biyu hemiselulos, shi ma sukari ne amma iri dabam-dabam, ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Na uku liginin, wanda ba sukari ba ne, shi ne ke ba itace tauri. Ka ɗauka rufin soro ne: selulos azara, liginin kuwa laka da makubar da aka yaɓe ta da su. Azarar na nan a ciki, amma sai ka fasa yaɓen kafin ka kai gare ta. Dalilin da ya sa tumakinka ke cin karan dawa duk rani ba sa ƙiba ke nan. Ƙwayoyin da ke tumbinsu na iya narka selulos, amma liginin ya tare musu hanya, sai kusan rabin abin da suka ci ya fita a kashi.

Funfuna tana da makamin kowanne. Selulas na yanka selulos, kuma shi kansa ƙungiya ce ta aƙalla uku: ɗaya ya sari layin a tsakiya, ɗaya ya riƙa gutsura daga baki biyu-biyu, na uku ya raba biyun nan su zama gulukos. Zailanas na kwance hemiselulos. Fektinas na narka danƙon da ke haɗa naman 'ya'yan itace, shi ya sa ake neman sa a ɓawon lemo, kuma shi ake sa wa ruwan 'ya'yan itace na kwali ya yi garau. Liginin ne gagara-badau. Funfunoni kaɗan ne suka iya da shi sosai, waɗanda ke cin kututture su bar shi fari fat yana marmashewa, kuma naman kazan da ake nomawa a ci yana cikinsu. Sai a 1983 masu bincike a Amurka suka fara ware inzayim ɗin da ke wannan aiki daga wata funfuna mai suna Phanerochaete chrysosporium.

Ga wurin da na fi so ka fahimta, domin shi ne dalilin da ya sa yaronka ke amfani da totuwa ba sukari ba. Mutum zai ce arha ce kawai. Arha na ciki, amma akwai abin da ya fi ta. Yin inzayim tsada gare shi a wurin funfuna, ƙarfinta take zubawa a ciki. In ka ba ta sukari a sauƙaƙe, sai ta kulle ƙofar yin selulas gaba ɗaya, don ba ta bukata. Akwai wani furotin a jikinta da aikinsa ke nan, da ya ji gulukos ya wadata sai ya dakatar da aikin. In kuwa ba ta samu komai ba sai busasshen kara, ɗan inzayim kaɗan da take tsirtowa kullum zai gutsuro 'yan ɓarɓashin selulos, ɓarɓashin su shiga jikinta su zame mata shaida cewa akwai abinci a nan amma a ɗaure yake. Nan take sai ta buɗe aiki gadan-gadan. Wato wahalar abincin ce ke sa ta haifar da abin da muke so. Kuma irin abincin ke zaɓar irin inzayim: totuwar masara mai yawan hemiselulos za ta jawo zailanas, ɓawon lemo ya jawo fektinas, ɓawon rogo mai ragowar sitaci ya jawo amilas, tunkuzar gyaɗa ko ta waken suya ta jawo mai narka furotin. Dusar alkama ta fi kowa farin jini a wannan fage, domin tana da ɗan komai, ga ta sakwa-sakwa iska na ratsa ta.

Ba mutum ne ya fara wannan noma ba. Surin da ke bakin gonarka masana'anta ce ta irin wannan aiki. Garar nan mai gina dogon suri tana kwaso kara da busasshiyar ciyawa, ta tauna, ta jera su a ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa, ta shuka musu funfuna iri ɗaya tak mai suna Termitomyces. Funfunar ta narka karan, garar ta ci abin da ya narke. Ramukan surin ke daidaita zafi da laima da iska, garar kuma ba ta barin wata baƙuwar funfuna ta tsiro a ciki. Ka riƙe wannan na ƙarshen, za mu bukace shi.

A wajen mutane kuwa, mutanen Japan da Sin sun yi ɗaruruwan shekaru suna renon wata funfuna, Aspergillus oryzae, a kan turaren shinkafa da waken suya. Japanawa na kiran abin koji, da shi suke yin baƙin ruwan miyarsu na waken suya. Wani masanin sinadarai ɗan Japan, Jokichi Takamine, shi ya kai wannan hikima Amurka, ya maye gurbin shinkafa da dusar alkama, ya jiƙa abin da ya tsiro ya tace, ya fitar da amilas. A 1894 ya yi masa rajistar mallaka da sunan Taka-Diastase, kamfanin Parke-Davis ya riƙa sayar da shi a matsayin maganin rashin narkewar abinci. Aikin da yaronka ke yi a yau, in ka cire na'urorin awo, kusan shi ne na Takamine. A yammacin tsibirin Jaba na Indunisiya ma har gobe suna ɗaukar tunkuzar gyaɗa ko dusar waken suya su reni wata jar funfuna a kai, ya zama abincin da suke kira oncom. Daddawarmu dangin wannan sana'a ce, sai dai ita bakteriya ce ke ruɓar da kalwar, ba funfuna ba.

Labarin selulas kuwa daga yaƙi ya fito. A Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka da ke tsibiran Solomon sun ga tantunansu da kakinsu na auduga suna ruɓewa cikin ɗan lokaci. Auduga kusan selulos ce zalla. Aka kwashi ruɓaɓɓun ƙyallaye aka kai gida don a gano ɓarawon a yi maganinsa. A ɗakin binciken soja da ke Natick, a jihar Massachusetts, Elwyn Reese da Mary Mandels suka gane cewa wata koriyar funfuna da ke cikin kayan ta yi fice wajen yin selulas, sai tunani ya juya daga yadda za a kashe ta zuwa yadda za a sa ta aiki. Daga baya aka raɗa mata suna Trichoderma reesei don girmama Reese. Jikokin wannan funfuna guda, waɗanda aka yi ta zaɓe ana gyarawa, su ne ke cika tankunan kamfanonin da ke yin selulas a yau. Wandon jins da samari ke sawa mai kama da wanda ya koɗe, da tsakuwa ake goge shi a da, yanzu galibi selulas ne ke lasar saman zaren.

Yanzu ga abin da yaronka ke yi a ɗakin gwaji, don ka ga tazarar da ke tsakaninsa da jiƙa buntu a bayan gida. Zai niƙa totuwar, ya jiƙa ta daidai yadda in an matse ta a hannu za ta dunƙule ba tare da ruwa ya ɗiga ba, wato laima wajen kashi 60 cikin 100, ya ɗan ƙara mata gishirin naitirojin. Sannan ya zuba a kwalba ya toshe da auduga, ya sa a tukunyar matsi ta kai zafin digiri 121, har duk wani abu mai rai da ke ciki ya mutu. In ta huce, sai ya shuka iri ɗaya da ya san sunansa, a kusa da harshen wuta don kada iska ta jefa masa wani. Ya ajiye a zafin digiri 28 zuwa 30, kwana huɗu zuwa bakwai. Bayan nan ya zuba ruwa ya girgiza ya tace. Ruwan da ya fito shi ne kayan, funfunar da totuwar kuwa a sake dafa su a zubar. Ka lura, rabin wahalarsa ba ta renon funfuna ba ce, ta hana sauran funfunoni shiga ce, aikin da na ce maka gara na yi a surinta.

In kai ka jiƙa kara ka rufe, ba ka da ikon zaɓen wanda zai tsiro. Ƙwayoyin funfuna iri-iri na nan a kan karan tun daga gona, suna cikin ƙura, suna jikin buhu. Wanda yanayi ya fi yi wa daɗi shi zai cinye fagen, kuma a zafi da laima irin namu, a kan dusar masara ko ta shinkafa ko gyaɗa, sau da yawa Aspergillus flavus ce. Ita ce mai yin gubar aflatokzin. Duniya ta san wannan guba ne a 1960, lokacin da talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. A 2004 ta kashe mutum 125 a gabashin Kenya, ta hanyar masarar da aka adana da laima. Hanta take ci. A jikin kaji, in ba ta kashe ba, za ka ga girma ya tsaya, ƙwai ya ragu, rigakafin da ka kashe kuɗi ka yi bai kama ba. In saniya ko akuya ta ci, wani kaso na fita a nono ya isa ga yara. Dafuwa ba ta kashe ta, shanya a rana bayan ta riga ta samu ba ta fitar da ita yadda za a dogara. Abin mamaki, funfunar kojin Japan da wannan mai guba kusan jini ɗaya ne, masana na ganin ta Japan ɗin flavus ce da aka yi ƙarnuka ana zaɓe har ta daina yin guba. Dukansu kore-kore ne mai ratsin rawaya. Ko ƙwararre ba ya yarda da idonsa a nan, sai ya yi gwaji. Da wannan bambanci ne ma cibiyar IITA da ke Ibadan ta yi Aflasafe, wato nau'o'in flavus na gida marasa guba da ake shafa wa ƙwayar dawa a watsa a gona, su riga masu gubar kama wuri.

Guba ba ita kaɗai ce matsalar ba. Wata 'yar'uwarsu, Aspergillus fumigatus, tana son tsibin da ya ɗauki zafi, ƙurarta kuma huhu take kamawa. 'Yan tsaki da aka shimfiɗa wa buntu ko diddigar katako mai funfuna za ka gan su suna buɗe baki suna haki, su yi ta mutuwa, maganin ƙwayoyin cuta da aka saba ba su kuma ba ya yi musu komai. Mai juya tsibin ma bai tsira ba, musamman wanda ya taɓa yin tarin fuka ko yake da asma.

Ko da an yi sa'a funfunar kirki ce ta kama, akwai lissafin da ba a cika faɗa ba. Funfuna ba don tumakinka take narka kara ba, don cikinta take yi. Sukarin da ta kwance ita ke fara sha, ta fitar da shi iska. Irin su Trichoderma da Aspergillus selulos suke ci su bar liginin, wato su cinye abin da tunkiya za ta amfana da shi su bar mata abin da ya gagare ta. Waɗanda ake so don abincin dabbobi su ne masu fara cin liginin su jinkirta taɓa selulos, kuma dole a tsayar da su a kan lokaci. Masu bincike a jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan sun daɗe suna gwada wannan a kan karan alkama, sun kuma nuna yana ƙara narkewa, amma yana cin makonni, yana bukatar tsabtataccen iri, kuma nauyin karan na raguwa. Shi kuwa buntun shinkafa da ya fi tsone maka ido, shi ne mafi taurin kai a duk sharar gona. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa silika ne, sinadarin yashi, ga liginin mai yawa. Babu inzayim da ke narka yashi. Dusar shinkafa mai laushi abinci ce, buntu ba abinci ba ne, kuma haɗa su da ƙananan injina ke yi shi ke rage wa dusar daraja.

Abin da ke cikin buhun abincin kaji na kamfani galibi biyu ne. Akwai faitas: kusan kashi biyu cikin uku na fosfaras da ke cikin hatsi da dusa a ɗaure yake cikin wani sinadari da kaza ba ta iya kwancewa, sai ya fita a kashi, kai kuma ka sayi garin ƙashi ko wani fosfaras ka ƙara. Faitas ke kwance shi. Na farko da ya shiga kasuwa, Natuphos, a 1991 ya fito, daga funfunar Aspergillus niger. Sai zailanas, mai tsinka yauƙin da dusar alkama ke yi a hanjin kaza. Waɗannan suna aiki, kuɗinsu ba asara ba ne in abincinka mai yawan dusa ne. Amma kada ka ɗauka za su mayar da buntu masara.

Batun sana'a kuma, a nan zan faɗi ra'ayina ko da ba zai yi wa wasu malaman jami'a daɗi ba. Shekara da shekaru ɗalibanmu na yin irin aikin yaronka: a ɗebo funfuna daga juji, a rena ta a kan ɓawon rogo ko tuƙar rake ko dusar dawa, a auna, a rubuta cewa wannan shara za ta iya rage shigo da inzayim daga waje. A ɗaure kundin a ajiye a kanta. Bara wani ya yi da totuwa, bana wani zai yi da ɓawon ayaba. Ilimin ba ƙarya ba ne, kuma ɗalibi na koyon hannu. Sai dai tambayar da ake ta amsawa, wato ko funfuna za ta yi inzayim a kan shara, an amsa ta tun zamanin Takamine. Waɗanda ba a taɓawa su ne masu wuya. Gram 10 a kwalba ba ya zafi, amma tan guda na jiƙaƙƙiyar dusa da funfuna ke ci zafi yake haifarwa a tsakiyarsa har ya kashe funfunar, ga dusa ba ta sakin zafi da sauri, in ka juya da ƙarfi kuma ka tsittsinka zaren. Shi ya sa masu koji ke shimfiɗa shi a faranti, kaurinsa bai wuce 'yan yatsu ba. Sannan ruwan da aka tace tsararo ne, kwana kaɗan zai lalace, sai an kafe shi an busar ba tare da an kashe ƙarfinsa ba, ya kuma jure zafin injin da ke dunƙula abincin kaji. Kuma mai saye yana son buhun yau ya yi daidai da na jiya. Ga funfunar juji ba ta kama ƙafar irin da kamfanoni suka yi shekara 50 suna gyarawa ba. Saboda waɗannan dalilai ne manyan kamfanoni, irin Novozymes na Danmak da ya haɗe da Chr. Hansen a 2024 suka zama Novonesis, suke yin mafi yawan kayansu a cikin ruwa a manyan tankunan ƙarfe, ba a kan dusa ba.

Ko masu kuɗi sun sha ƙasa a wannan hanya. A jihar Iowa ta Amurka an gina manyan masana'antu biyu don a narka karan masara da inzayim a yi man mota na itanol: ta POET-DSM a 2014, ta DuPont a 2015. Ta DuPont ta tsaya a 2017, ɗayar ta daina a 2019. Inzayim ɗin na aiki, amma tattaro kara daga gonaki, da raba shi da ƙasa da tsakuwa, da fasa liginin kafin a zuba inzayim, sun cinye ribar. Shara kyauta ce a inda take, da ka ɗora ta a mota ta zama kaya mai farashi. Kai ma ka san karan dawa da harawa a Kano ba shara ba ne, kuɗi ake sa wa a saya.

Duk da haka ƙofar ba a rufe take ba, kuma Indiya ce shaida. Kiran Mazumdar-Shaw ta kafa Biocon a Bangalore a 1978 da ɗan jari, ta fara da inzayim ɗin da ake samu daga ƙaron gwanda, daga baya kamfanin ya ƙware a renon funfuna a kan dusar alkama irin na koji, yana sayar wa Turai da Amurka. A 2007 ya sayar wa Novozymes sashen inzayim ɗin a kan dala miliyan 115 ya koma harhaɗa magunguna. Abin da suka yi shi ne sun zaɓi 'yan kayan da renon kan dusa ya fi tanki iya yi, irin su fektinas, suka zuba ƙarfinsu a injiniyanci da tabbatar da inganci. Hanyar ke nan ga wanda zai yi a nan, kuma aikin kamfani ne mai ɗakin gwaji da rajistar NAFDAC.

Kai kuma a matsayinka na makiyayi, akwai abin da za ka yi da hannunka. In kana son karan shinkafa ko na masara ya ƙara amfani ga tumaki, hanyar da aka daɗe da gwadawa ita ce ta takin yuriya: kilo 4 a narka a ruwa, a yayyafa wa kilo 100 na yankakken kara, a danne a rufe da leda ruf yadda iska ba za ta shiga ba, mako uku. Yuriyar na komawa iskar amoniya, ta sassauta ɗaurin liginin, ta ƙara naitirojin, ta kuma hana funfuna tsiro. In an buɗe a bar shi ya sha iska kafin a ba su, a fara da kaɗan. Na masu tuƙa ne kawai da suka girma, ban da kaji, ban da jaki da doki, ban da 'yan raguna masu shan nono, kuma kada dabba ta kusanci yuriyar ko ruwanta, don tana kisa. Ka nemi malamin gona ya tsaya maka a karon farko, ko ka tuntuɓi cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, Zariya.

In kuwa funfunar ce lallai kake son sa wa aiki, to ka yi noman naman kaza. Nau'in Pleurotus na tsiro a kan karan shinkafa da aka yanka aka turara, ana sayen tsabtataccen irinsa daga masu yi, farin zarensa ya mamaye leda cikin mako uku ko huɗu, sannan ya fito a tsinka. Inzayim ɗin da yaronka ke aunawa su ne ke aiki a cikin ledar, sai dai a nan ba ka bukatar tace su, abin da suka haifar kake sayarwa. Wahalarsa a wajenmu zafi da bushewar iska ne, don haka damina da ɗaki mai sanyi sun fi, kuma ka tabbatar da mai saye, otal ko kantin birni, kafin ka zuba kuɗi. Ledar da ta yi kore ko baƙi a fitar da ita nesa. Ragowar karan bayan girbi taki ne mai kyau. Buntu kuma ka bar shi a inda ya fi amfani: busasshiyar shimfiɗar kaji, makamashin turara shinkafa, ko a babbaka shi ya zama gawayi a haɗa da kashin kaji a kai gona.

Shi kuma yaron, ka ce masa in ya gama da kwalba ya roƙi malaminsa su gwada kilo 5 a faranti, ya soka ma'aunin zafi a tsakiya ya riƙa rubutawa duk bayan awa shida, ya kuma kai samfurin a gwada masa aflatokzin kafin kowa ya yi zancen ba wa kaza.